Ramuka Talatin na Sarkin Gawayi Korau

A zamanin da Sarki Tunau yake kan gadon Birnin Dargaza, ƙarfin ƙasar a ƙarƙashin ƙasa yake. Tafiyar rabin yini yamma da birni akwai Tudun Tama, inda mahaƙa ke shiga rami su fito da jan dutse, wato tama, a narka shi ya zama ƙarfe, maƙera su mayar da shi kibiya da mashi da fartanya. To amma dutse ba ya narkewa da fatar baki. Sai da gawayi, gawayin ma na ƙirya, mai nauyi, mai daɗewa yana ci. Shi ya sa a fadar Dargaza akwai sarautar da ba kowane gari ke da ita ba, wato Sarkin Gawayi. Mai riƙe da ita a lokacin wani gajeren dattijo ne, Korau, wanda ko sau uku ya yi wanka sai ka ga baƙi a tsagin tafin hannunsa. Mazauninsa a fada can baya ne, dab da inda ake tuɓe takalma. Shekara goma sha ɗaya yana zama a nan, ba a taɓa neman jin ta bakinsa ba.

Ranar da aka nema kuwa, ba ranar daɗi ba ce. Da bazara mahayan Sarkin Malmo, daɗaɗɗen abokin gabar Dargaza, suka faɗo wa Tudun Tama da hantsi, suka cinna wa rumbunan gawayi wuta, tanadin shekara guda cur, suka juya ba wanda ya ce musu kanzil. Wanda aka ɗora wa tsaron wurin shi ne Madawaki Gagarau, shugaban mayaƙa, amma ranar ya kwashe mutanensa sun tafi farautar gada. Kafin tokar ta huce sai ga manzo daga iyaka, ya faɗi gaban Sarki.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Sarkin Malmo ya kafa sansani a bakin Gulbin Kada, yana jiran sarakunan da ke bin sa. Nan da kwana goma sha huɗu yana ƙofar birni."

Sarki Tunau ya dubi Sarkin Maƙera Anaruwa, wani ƙaton mutum mai muryar gangi. "Kibau nawa ke cikin taska?"

"Zaki, ba su isa yaƙin wuni ɗaya ba. Tama tana nan jibge. A ba ni gawayi, a ba ni kwana shida, in cika kowane kwari a birnin nan. Ba gawayi kuwa, ni da mai saƙar tabarma ɗaya muke."

Nan fa aka shiga waige-waige ana neman Sarkin Gawayi, har sai da Shamaki ya nuna shi da sanda. Korau ya rarrafo gaba, bai taɓa ganin fuskar Sarki kusa haka ba.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙiryar da muka sare bara tana nan a daji ta bushe. Rami talatin zai ishi Sarkin Maƙera. Kwana biyu a jera itace, kwana huɗu wuta ta ci, kwana huɗu ya huce. Kwana goma ke nan."

Ba sai an zo da mai lissafi ba. Goma da shida sun haura sha huɗu da kwana biyu, kowa ya gani. Madawaki Gagarau, wanda tun da aka zauna yake neman inda zai sauke laifinsa, ya gyara zaman rawani.

Ya ce, "Zaki, mai Dargaza da kewayenta, a duba maganar nan. Jera itace mun ji, cin wuta mun ji. Amma kwana huɗu muna zaune muna jiran gawayi ya sha iska, abokan gaba na ɗaura sirdi? Ko tuwo aka sauke, ai ba a yi masa irin wannan jira. Ina kuma tuna wa fada, uwar mutumin nan 'yar Malmo ce."

Korau ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Uwarsa ta shekara talatin a kabari, amma ga shi yau an tono ta. Ya daure ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san yaƙi ba. Abin da na sani, ramin gawayi ba ya jin ana sauri."

Sarki ya murza gemu. Can ya ce, "Sarkin Gawayi, na ba ka kwana gomanka. Kwana biyun da suka rage, mu san yadda za mu yi da su. Amma ka ji da kyau: in an buɗe ramukanka aka tarar da toka, na san da gangan ka cinye mini kwanakin, kuma kanka ne zai biya. Madawaki, ka ba shi mutum ɗari su taya shi, ka kuma tsare wurin. Wannan karon ban da farauta."

Aka kwashe mata da yara na Tudun Tama aka shigo da su birni, maza suka kama aiki.

Su mayaƙan Madawaki, Allah ya ba su ƙarfi, amma bai ba su sanin itace ba. Kafin Korau ya gama zagaya rami na farko sun cika na biyu, sun watsa gungume ta ko'ina, suna tsaye suna jiran yabo. Korau ya leƙa, ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Samari, wannan ai murhun biki kuka haɗa. Ku kwashe."

Suka kwashe suna gunaguni. Ya shiga ramin da kansa ya nuna musu. Tsawon kowane rami gaba huɗu, zurfinsa iya ƙugu, an shimfiɗa shi kudu da arewa don kada iskar gabas ta daki bakinsa kai tsaye ta haukata wutar. A ƙasa a fara ajiye dogayen sanduna biyu, su ne hanyar numfashi. A kansu a gicciya manyan gungume a tsakiya, gefe da gefe, a matse. Matsakaita su biyo baya, sannan a bi kowace kafa da guntaye da ɓaraguzai a cusa, har ya zamana ko ɓera ya shiga ba zai sami wurin juyawa ba. Duk inda aka bar fili iska za ta taru, inda iska ta taru kuwa wuta ba ta gasa itace, cinye shi take yi. Idan tulin ya kai ƙirjin mutum sai a lulluɓe shi da ɗanyen ganye daga fadama, a bi da ƙasa mai danshi, a daddaɓe da tafin hannu, a bar 'yan ƙofofi kamar dunƙulen hannu a gefe. Daga nan a sa wuta ta baki ɗaya, in ta kama a toshe.

Kwana huɗu Korau yana zagaye da kaskon taɓo a hannu. Inda ƙasa ta tsage ya liƙe, inda ta lotsa ya cike. Hayaƙi shi ne bakin da rami ke magana da shi. Da farko ya fito fari, mai kauri, ruwan itace ke fita. Sannan ya koma ruwan ɗorawa, mai yaji, yana sa hawaye. Ranar shida da la'asar ya sirance ya zama shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa. Korau ya yi hamdala, ya sa aka toshe kowace ƙofa, aka ƙara ƙasa, aka jibga ƙaya a kan kowane tuli don kada awaki su hau su fasa. Aka yanka bijimin da Sarki ya aiko wa ma'aikata, aka ci aka watsar da ƙashi da tumbi a bayan tudu. Hayaƙi ya ɗauke ƙaf, wurin ya yi tsit.

Wannan tsit ɗin shi ya ruɗi Madawaki. Washegari da safe, rana ta bakwai, ya iso bisa doki, ya dubi tulin ƙasa talatin ba ko ɗigon hayaƙi.

Ya ce, "Sarkin Gawayi, wuta ta mutu. Me ake jira? A buɗe."

Korau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ba ta mutu ba, numfashi na hana ta. Sa hannunka a ƙasar nan ka ji. In iska ta shiga yanzu, duk wahalarmu ta tashi a banza."

"Ni zan sa hannu a ƙasa? Kai, ku kawo fartanya."

Korau ya tashi ya je ya kwanta rub da ciki a gefen tulin farko, zafin ƙasar na ratsa rigarsa. Mutum biyu suka ɗauke shi cak kamar buhun gero suka ajiye gefe. Aka janye ƙaya, aka kafta fartanya sau ɗaya, sau biyu. A na uku gawayin ya bayyana, baƙi wuluk, mai kyau, har Madawaki ya fara murmushi. Sai jan ido ya buɗe a tsakiyarsa. Kafin a ce me, wuta ta yi tsalle ta fi tsayin mutum, ta lashe gemun mai fartanyar, dawaki suka yi ta haniniya suna ja da baya. Ba ruwa kusa, ba mai iya matsawa da ƙasa. Suna tsaye suna kallo, kafin azahar ramin da mutum goma suka yi wuni biyu suna jerawa ya zama farar toka.

Mutum mai kunya da a nan ya tsaya. Madawaki kuwa ya nuna tokar da bulala ya ce, "Kun gani da idonku. Abin da Zaki ya ce kada a tarar, shi aka tarar. Ku ɗaure shi."

Korau bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, hawaye na bin tokar fuskarsa: "Ku ɗaure ni, ku ja ni a ƙasa in kun so. Amma don girman Allah kada a taɓa sauran."

Ba roƙonsa ne ya cece su ba. Mayaƙan ne suka ga abin da ya sami gemun ɗan'uwansu, ba wanda ya yarda ya sake ɗaukar fartanya. Madawaki ya tasa Korau gaba, kuma don a ga girman kamun da ya yi, ya tafi da mutanensa duka ɗari, bai bar ko mai gadi ɗaya ba. Mahaƙa da 'yan gawayi suka ga an tafi da shugaba a ɗaure, suka ce saura su, suka shige ramukan tama suka yi lamo.

Rana ta takwas fada ta cika. Korau na durƙushe a tsakiya da igiya a wuya, Hauni mai sare kai na tsaye bayansa. Yana jin numfashin mutumin a ƙeyarsa, kuma tsoro ya kama shi sosai, ba ma na mutuwa kaɗai ba, na a ce ɗan 'yar Malmo ya ci amanar garin da aka binne cibiyarsa.

Madawaki ya miƙe. "Zaki, garkuwar talakawa, kwana huɗu mutumin nan yana tura hayaƙi sama, fari yau, ja gobe, shuɗi jibi. Wa yake yi wa magana da shi in ba dangin uwarsa ba? Na buɗe rami ɗaya a gaban shaidu ɗari, toka na samu. A sare shi, a buɗe sauran yau, mu ceci abin da za a iya ceta."

Sarkin Maƙera Anaruwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni da wuta muka tsufa. A tambayi Madawaki, da ya buɗe ramin, toka ya fara gani ko gawayi?"

"Ba maƙeri zai yi mini tambaya a fada ba."

Idon Sarki ya kai kan Hauni ya dawo. Ana cikin haka sai hayaniya ta tashi a zaure. Shamaki ya shigo da Ciwake, shugaban mahaƙa, jikinsa duk jar ƙasa, yana jan wani baƙo da igiya. Baƙon na sanye da rigar mayaƙan Malmo, ya naɗe hanci da baki da rawaninsa, yana ta ƙanƙame jiki kada ya goga da kowa.

Ciwake ya faɗi ya yi gaisuwa. "Zaki, jiya bayan an tafi da Sarkin Gawayi, mahaya hamsin na Malmo suka zo Tudun Tama. Muna cikin ramuka muna leƙensu, mun ce yau ramukan gawayi sun tafi. Sai muka ga sun ja linzami daga nesa, suna nune-nune. Can sai suka juya a guje kamar an koro su. Muka fito muka bi su da duwatsu da digogi. Dokin wannan ya zurma ƙafa a tsohon ramin tama, muka kama shi. Tun jiya ya ƙi cin abincinmu, ya ƙi shan ruwanmu."

Sarki ya ce wa baƙon, "Me aka aiko ku yi?"

Ya amsa ta cikin rawani. "An ce mu bi hayaƙi, duk inda muka ga ana gawayi mu tarwatsa. Muka zo ba hayaƙi. Ranka ya daɗe, ka sa a kashe ni da takobi, na yarda. Kada dai a bar ni cutar nan ta kama ni."

"Wace cuta?"

"Wadda ta cinye mutanen tudun. Mun ga kaburburan. Ashirin da tara na ƙirga, sababbi, kowanne zai ci mutum ashirin, an jera su kudu da arewa, an jibga musu ƙaya saboda kura. Ga wurin da aka ƙone kayan mamatan, tokar ba ta ma huce ba. Ungulaye na ta shawagi, gari ba mace ba yaro, ko kaza babu. Babbanmu ya ce agana ce, irin wadda ta shafe garinsu yana ƙarami. Ya ce kada wanda ya sauka daga doki."

Mutanen Malmo mutanen fili ne, ƙarfensu saye suke yi, ba su taɓa ganin yadda ake gawayin tama ba. Anaruwa ne ya fara gane cewa ramukan gawayin ne suka ɗauka kaburbura. Ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza, abin ya ci ƙarfinsa ya fashe da dariya, fada duka ta ɗauka. Shi Korau bai yi dariya ba. Ashirin da tara kawai ya ji, wato ba a taɓa ko ɗaya ba, ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa.

Sarki ya ɗaga hannu aka natsu. "Sarkin Maƙera, da an buɗe duka talatin jiya, me mahayan nan za su tarar?"

"Wuta talatin, Zaki, wadda za a hango daga Gulbin Kada. Da yanzu Sarkin Malmo ya san ba mu da gawayi, ba mu da kibiya."

Sarki ya daɗe yana duban Madawaki, Madawaki na duban tabarma. Sannan ya ba da umarni: a rufe ƙofofin birni, kada a ci kasuwa, kada a buga ganga ko ta suna, duk fataken da suka zo a ce musu su wuce, gari ba lafiya. Abin da Malmo ta gani, a bar ta ta ci gaba da ganinsa. Ya juya ga Korau. "A cire masa igiya. Amma maganata tana nan, Sarkin Gawayi. Jibi ni da kaina zan tsaya a kan ramukanka."

Rana ta goma da hantsi Sarki Tunau ya sauka a Tudun Tama, abin da wani sarkin Dargaza bai taɓa yi ba. Korau ya zagaya tuli na biyu yana dafa ƙasa da bayan hannu, kusurwa bayan kusurwa. Sanyi ƙalau. Duk da haka bai saki jiki ba, don rami ba ya faɗin abin da ke cikinsa sai an buɗe, kuma ya sha ganin wanda aka yi wa komai daidai ya ba da kunya. Ya yi bisimilla, ya janye ƙaya, ya yaye ƙasar a hankali da hannunsa, ba da fartanya ba. Busasshen ganye ya bayyana, ya ɗaga shi.

Gungumen na nan kwance yadda ya jera su, ko siffarsu ba ta sake ba, sai dai sun koma baƙi mai sheƙi. Ya jira. Ba ja, ba hayaƙi. Ya zaro guda biyu ya gwara su, suka yi ƙara siririya kamar an taɓa ƙarfe da ƙarfe. Anaruwa ya karɓi ɗaya ya karya, ya duba cikinsa har tsakiya, ya shinshina.

Ya ce, "Zaki, da wannan ko dutsen niƙa ka ba ni sai na narka shi."

Korau ya zauna daɓas a ƙasa gaban Sarki, ba wanda ya ce masa ya yi rashin ladabi. Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, a duka ashirin da taran ba wanda ya ci amana. Ana cikin cika kwanduna sai ga manzon iyaka a sukwane, bakinsa har kunne.

"Allah ya ba ka nasara, sansanin Gulbin Kada ya watse. Sarakuna biyu da suka zo taya Malmo sun naɗe tantunansu sun koma gida, sun ce ba su zo yaƙi da agana ba. Mahayan da suka kai labari an hana su shiga sansani, an ware su a tsibiri. Shi kansa Sarkin Malmo ya ja baya tafiyar kwana uku, ya ce ba mai haye gulbi sai wata ya mutu."

Anaruwa ya ce, "Wata guda? Zaki, kwana shida na roƙa. In ya gano gaskiya ya dawo, zai tarar har matan birni da kwari a kafaɗa."

Sarki ya yi ajiyar zuciya, karo na farko cikin kwana goma. Ya sa aka ɗauko kwandon farko, cike har baki, aka ajiye a gabansa.

Ya ce, "Madawaki, kai ne mai sauri a cikinmu. Murhun narka tama na can gindin tudu, maƙera na jira. Tuɓe rawaninka."

Gagarau ya duba dama, ya duba hagu, bai ga mai ceto ba. Ya warware rawanin, mutum biyu suka ɗora masa kwandon a ka, garin gawayi na zubo masa a fuska da farar rigarsa. Ya ɗaga ƙafa da ƙarfi zai wuce, don a gama abin kunyar da wuri.

Korau ya tashi ya sha gabansa, ya durƙusa da ladabi yadda ya saba.

Ya ce, "A hankali, ranka ya daɗe. In ka girgiza shi farfashewa yake yi. Biyo ni a baya, in nuna maka inda ake taka ƙafa."